Rezo Sai Kan Soro

"Za a hau bisa! Za a hau bisa! Mata, a kimtsa!"

Na'Allah ya faɗi haka yana tsaye a matakala ta biyu ta tsani, sannan ya tsaya yana jira. A unguwarsu ta Filinge namiji ba ya hawa soro haka kawai. Daga can sama ana hangen tsakar gidaje huɗu da bayi huɗu marasa rufi, don haka sai ka yi shela, ka ba mata lokaci su jawo mayafi, wadda ke wanka ta fito. Wannan shi ne hawansa na huɗu tun da gari ya waye, kuma ko ƙarfe tara ba ta yi ba.

"Kuma?" Muryar Gwaggo Safi ce daga bayan katanga, tsohuwar maƙwabciyarsu, aminiyar mahaifiyarsa. "Na'Allah, mi kab ɓatar bisa soron ga? Sau biyu kana hiddo matar ɗana daga wanka da sabulu ga ido. In can za ka koma da zama ka hwaɗa muna, mu san abin da muke ciki."

"Gwaggo, ki yi haƙuri. Rezo nike biɗa."

"Rezo! Da can babu rezo, kuma mun yi wankanmu lahiya."

Ya hau. Rufin ƙasa ne, ruwan daren jiya ya jiƙa shi, sai ya bi gefe-gefe a hankali har kusurwar da ke kusa da indararo. A duk faɗin gidan, a wannan kusurwa kaɗai rezo, wato intanet, ke kama salula, shi ma sai ka ɗaga hannu kamar mai rantsuwa.

Abin da ya kai shi can ba wasa ba ne. Wata biyu ke nan mahaifiyarsa, Inna Haske, ta zame a gindin randa ta karye a ƙugu. Aka kai ta Yamai aka yi mata aiki, ta zauna wajen yayarsa Ummul, mai shagon atamfa a can. Likita ya ce tsuguno ya ƙare mata. Ita kuwa Inna, a duniyar nan ba wanda ta yarda ya kama ta ya kai ta bayi sai 'yar da ta haifa. Ɗa namiji ba a ma maganarsa. Suruka kuwa, ta ce gara ta daina cin abinci. Saboda haka Ummul ta kafa sharaɗi: in ana son Inna ta dawo ɗakinta, sai an gina mata kujera a kan masai, da ƙarfen da za ta dafa ta zauna ta tashi ita kaɗai. In babu, Yamai ce gidanta daga yanzu. Inna kuma duk ranar da aka miƙa mata salula abu ɗaya take tambayar ɗanta, yaushe za a mai da ita gida. Ta ce a gidan Ummul daga bango sai bango, ko kaza ba ta gani.

Sati uku da suka wuce Na'Allah ya ce wa Ummul an gama. A ganinsa ba ƙarya ya yi ba, gaba kawai ya ɗan shiga. Ga buhun siminti biyu a zaure, wanda a nan ake ce wa sima, ga bulo, ga yashi, ga bututun ƙarfe guda biyu, ga kuma Magagi magini da ya yi alkawarin zuwa gobe. Goben ce dai ta ƙi zuwa. Jiya da yamma Ummul ta kira ta ce yau Asabar suna tafe, za su iso wajen la'asar. Za ta duba aikin da idonta, ta kwana ɗaya, da asuba ta juya, ko ita kaɗai ko tare da Inna. Magagi ya rantse zai zo da sassafe. Sai ruwan farko ya sauka.

Wanda ya san ƙasar Kurfai, inda Filinge take, ya san abin da ruwan farko ke yi wa gari. Kafin rana ta fito, tela da mahauci da mai gyaran moto, kowa ya saɓa sungumi ya ɗauki ƙoƙon iri ya nufi gona. Da Na'Allah ya kira Magagi, iska ce ta fara amsawa kafin shi.

"Malam, sai haƙuri. Ina Tabla, irin hatsi na hannuna. Danshin ga na kwana biyu na, in ya wuce ya wuce."

"Magagi, tsohuwata na bisa hanya."

"Allah shi kawo ta lahiya. Jibi ina nan, in sha Allah."

Ya kira wasu magina uku. Biyu ba su ɗauka ba, na ukun ya yi masa barka da ruwa ya kashe.

Na'Allah sakatare ne a mairi, ofishin magajin gari. Shekara goma sha tara yana rubuta takardun haihuwa, rubutunsa kuwa har garin Bonkuku an san shi. Amma bai taɓa buga ƙusa ta shiga a miƙe ba. Duk da haka bai karaya ba, don ya yi imani cewa duk abin da aka bayyana masa da Faransanci mai kyau, zai iya shi. Ya rubuta tambayarsa a salula, jimla guda mai tsawo, ba kuskure ko ɗaya, kamar wasiƙa zuwa ga prefe, shugaban gundumarsu. Aka jero masa bidiyoyi sun fi hamsin. Duk bayi ne farare fat masu ƙyalli, irin waɗanda mutum zai ji nauyin shiga da takalmi. Ya zaɓi na wani mutum mai safar hannu da akwatin kayan aiki. Bidiyon ya yi minti biyu, ya tsaya, wani ɗan zobe ya kama juyawa a tsakiya. Haka yake yi tun safe: ya kalli minti biyu, ya sauko, kafin ya kai bakin bayi rabin abin ya zube daga kansa, ya sake komawa gindin tsani ya yi shela.

Da ya sauko wannan karon ya tarar da matarsa Lailatu tana shanya zannuwan gadon Inna a kan igiya. Tun asuba ta share ɗakin tsohuwar, ta turara shi.

"Baban Samiratu," ta ce, "ka kira Yaya Ummul ka hwaɗa mata gaskiya. Su bari sai sati mai zuwa."

"Ba ki san Yaya ba? In tag gane na yi mata ƙarya, ko hoton Inna ba ta sake aiko mani. Ki bar ni, na gane abin. Da ƙarhen za ni hwarawa, shi ya hi sauƙi."

Mai safar hannu da injin huda bango ya yi nasa aikin. Na'Allah ba shi da inji, amma yana da guduma da dogayen ƙusoshi da maƙalai biyu na ƙarfe da Magagi ya sa aka sayo. Ya ɗora bututun a jikin bangon bayi, ya saita ƙusa, ya buga. Ta shige sumul. Ya buga ta biyu, ita ma haka. Ƙusa takwas, duk a miƙe, abin da bai taɓa faruwa da shi ba. Daɗi ya kama shi har ya kira Lailatu ta zo ta gani. Bai tsaya ya tambayi kansa ba me ya sa ƙusoshin yau suke da ladabi. Bangon laka ne, kuma ya kwana yana shan ruwa.

"Yanzu sai gwaji," ya ce. "Mutumen ya rataya duk nauyinshi bisa, ko motsi bai yi ba."

Ya kama ƙarfen da hannu biyu ya saki jiki. Sai ga shi zaune daɓas a ƙasa, bututu a cinya, ɓangaren bango mai girman ƙwarya ya tarwatse a ƙirjinsa. Inda ƙusoshin suke ya zama taga. Ta cikin tagar aka fara ganin akuyar Gwaggo Safi tana tuƙa, sannan fuskar Gwaggon da kanta ta maye wurin.

"Sannu da aiki," ta ce. "Ka gaji da hangenmu ta bisa, yanzu ta ƙasa ka ɓullo?"

Lailatu ta toshe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa. Shi kuwa Na'Allah dariyar ba ta zo masa ba. Ya dubi ramin, ya dubi rana da ta riga ta ɗago, sai ya ji tsoro na gaske ya kama shi. A ransa ya ga Inna da asuba ana mai da ita cikin mota, ba ta ce masa komai ba, don ita ba mai faɗa ba ce, kallo kawai take yi. Lailatu ta ga fuskarsa, dariyar ta tafi.

"Ba ni salular," ta ce.

"Ke da Hwaransancinki na aji shidda?"

"Ni ba ji za ni yi ba, gani za ni yi. Kuma ni ba sai na yi shela ba."

Ya miƙa mata salular. Mace in ta hau soro ba wadda za ta gudu ɗaki. Lailatu ta gyara ɗaurin zani, ta soke salula a ƙugu, ta haye tsanin cikin sauri kamar kullum can take shanya kuɓewa. Da ma can take shanya ta.

"Madalla," in ji Gwaggo Safi, ta juya tana kiran matar ɗanta. "Ke, koma ki ƙare wankanki. Mace ta hau."

Lailatu ba ta goge jimlar mijinta ba, ba ta kuma karanta ta ba. Da babban yatsa take tura hotunan sama, ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ta ga bango fari sai ta wuce. Wanda ta ga mai takalmi mai ƙyalli, ta wuce. In jerin ya ƙare sai ta taɓa wanda ya fi ƙura a cikinsu, ta bar shi ya buɗe, ta duba waɗanda aka jero a ƙarƙashinsa, ta sake zaɓen wanda ya fi shi ƙura. Na'Allah yana ƙasa yana jefo mata kalmomi, tana cewa to, ba ta rubuta ko ɗaya. Bango take nema irin nasu. An ɗauki kusan rabin sa'a a haka, har ya fara cewa ta sauko kada forfe, kuɗin intanet ɗin da suka zuba, ya ƙare a banza.

"Na samu wani tsoho!" ta ƙwala daga sama. "Bangonshi irin namu na, har da kaji!"

"Wace ƙasa ta?"

"Wa ya sani? Malhwa gare shi, da gashin baki."

"Da wane harshe shike magana?"

"Ba Hausa ba, ba Zabarmanci ba, ba Hwaransancinku na biro ba. Yi shiru in gani."

Tsohon bai taɓa bangonsa ba sam. Ramuka huɗu ya haƙa a ƙasa, biyu dama biyu hagu, zurfin kowanne ya kai gwiwar hannu. Ya kafa itace mai baki biyu a kowane rami, ya cika da siminti da tsakuwa, sannan ya ɗora ƙarfe a bakunan ya ɗaure da zaren ƙarfe. Lailatu tana gani tana faɗa, Na'Allah yana saurare yana ɓata fuska.

"Wannan ai dirkar rumhwa ta," ya ce. "Don dirka nas sayi forfe na sati guda?"

"To dirkar ka kafa tun sahe?"

Ya je ya tumɓuke dirkoki huɗu daga tsohuwar rumfar da ke bayan ɗakin girki, ya ɗauko dagi ya fara haƙa.

Daga nan aikin ya samu tsari. Lailatu tana kusurwar indararo, hannu ɗaya a sama da salula, kuma daga inda take tana ganin cikin bayinsu sarai. In zoben nan ya fara juyawa sai ta juyo kan mijinta. "Ramin hagu bai kai ba." "Tiya guda ta sima, ukku ta rairai. Na ce ukku, wannan ta huɗu ta." "Ruwan ya yi yawa, kunu za ka dama?" A shekara goma sha bakwai na aurensu ba ta taɓa ba shi umarni da yawa haka ba, kuma a gaban unguwa. Maza duk suna gona, sai tsofaffi da masu jego, su kuwa ba abin da ya hana su leƙowa ta kan katanga. Wata ta aiko da tsakuwa a kwano. Wata ta ce mijinta yana jiƙa bulo kafin ya ɗora, Lailatu ta duba ta ce tsohon ma haka ya yi. Na'Allah ya lura ba wadda ta tambaye shi ra'ayinsa.

Wajen ƙarfe goma sha biyu dirkoki suka tsaya, aka zo kan kujera. Nan Lailatu ta ƙura wa salular ido.

"Ya zaunar da matarshi bisa kututture," ta ce. "Ya auna da sanda, daga ƙasa har bayan gwiwarta, ya ƙara hwaɗin hannu guda. Ga alama kowa da tsawon tashi kujera. In ta yi ƙasa ba ta iya tashi, in ta yi bisa ƙahwahunta na lilo."

"Wannan mai sauƙi na," in ji Na'Allah, yana share hannu a wando. "Jeho salular in kira Yaya ta auna muna ƙahwar Inna."

Ya miƙa hannu sama, sai hannun ya tsaya. Mutumin da ya gama gini sati uku da suka wuce, me zai yi da awon ƙafa yau? Lailatu ta dube shi daga sama, shi ma ya dube ta.

"Ku dai yaran zamani," in ji Gwaggo Safi ta cikin tagar da ya yi mata. Da ma ta jawo kujera ta zauna a wurin tun ɗazu. "Ni da Haske shekara hamsin muna musanyar zane da takalmi. Tela bai taɓa auna mu biyu ba, guda shike aunawa ya yanka biyu. Ku jira ni."

Ta zagayo ta zaure tana dogara sanda, ta zauna a kan turmin da aka kifa mata. Lailatu ta sauko ta samo karan hatsi. Na'Allah ya juya ya fuskanci bango, don ba ya tsayawa yana kallon ƙwaurin sa'ar uwarsa.

"Ki auna da kyau," in ji Gwaggo. "Tsawon guda na. Kyawo dai tawa ta hi, ita ma ta sani."

Aka karya karan daidai bayan gwiwa, aka ƙara faɗin hannu. Bulo biyu a tsaye da ɗan ƙari, haka awon ya ba da.

Sauran aikin ba abin dariya a cikinsa sosai. Rana ta take, ƙasa mai danshi ta riƙa tururi. Na'Allah ya jera bulo a gefe uku na bakin masai, ya rushe, ya sake jerawa. Siminti ya ci masa yatsu, tafin hannunsa ya yi bororo biyu, ɗaya ya fashe. Ba shi da cokalin gini, da murfin tsohuwar tukunya yake shafe. Ya yi sallar azahar da wando mai tauri kamar fata. Yana sallamewa Ummul ta kira ta ce sun wuce Baleyara, ya ce Allah ya kawo su lafiya, komai na nan yana jiransu. Lailatu ta kwaɓa laka da tattaka ta toshe tagar Gwaggo, Gwaggon tana cewa da an bar mata ita ko na yau. Da Ummul ta sake kira ta ce sun bar Bonkuku, yana kan shafa ta ƙarshe.

Ya ja da baya ya duba. Kujerar ta ɗan karkata hagu, kamar mai sauraron magana, amma kujera ce. Ga dirkoki, ga ƙarfe dama da hagu. Abin da ya ji a ransa ya fi abin da yake ji in prefe ya yaba rubutunsa.

"Bari in ga ƙarshen bidiyon," in ji Lailatu, ta sake hawa.

Wannan karon ba ta yi magana daga sama ba. Ta sauko a hankali, ta tsaya kusa da shi.

"Ya yayyahwa mata ruwa, ya ruhe ta da buhu. Sannan ya nuna rana, ya ɗora kunci bisa hannu kamar mai barci, ya ɗaga yatsa biyu."

"Ma'ana?"

"Kwana biyu ba a zama bisa."

Na'Allah ya taɓa gefen kujerar da yatsa, yatsan ya shiga. Ya shiga ɗakin girki ya fito da faifai, ya durƙusa ya fara yi wa siminti fifita da iya ƙarfinsa. Lailatu ba ta hana shi ba, don ta ga ba shi da wani abin yi. A haka suka ji hon a ƙofar gida.

Direba da Ummul suka fito da Inna a hankali. Ta rame, ta yi haske, tana tura wani ƙarfe mai ƙafa huɗu a gabanta. A bakin zaure ta tsaya ta ja numfashi mai tsawo, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da hayaƙin murhu. Gwaggo Safi ta tare ta, suka riƙe hannun juna suna jera gaisuwa ba mai sauraron amsar wata.

Ummul kuwa ko ruwa ba ta sha ba. Ta amsa gaisuwar Lailatu, ta dubi ƙanenta daga hula har wando, ta wuce bayi kai tsaye da jakarta a kafaɗa. Na'Allah ya bi ta. Ta dubi dirkoki, ta dubi sabon facin laka a bango, ta dubi faifan da aka yar a ƙasa. Sannan ta sunkuya ta danna babban yatsa a kan kujerar, ta ɗago shi ta nuna masa.

"Sati ukku, Na'Allah. Simar Hilinge ba ta bushewa?"

"Yaya, ƙarya niy yi maki." Ya faɗe ta gaba ɗaya, ya ji sauƙin faɗarta. "Magagi ya yi ta ce mani gobe, yau kuma ya tahi shuka. Ni da Lailatu munka yi shi, muna bin bidiyo cikin salula, daga sahe zuwa yanzu. Kwana biyu shike so."

"Kai? Kai da ko ƙusar kalanda sai ka kira mutum?"

Ya buɗe mata tafin hannunsa. Ta duba, ta ɗauke kai da sauri.

"Wannan bai canza komi ba," ta ce, amma muryar ta ragu. "Wa za ya kama ta kwana biyun? Kai? Ko Lailatu, da ka san ba ta yarda? Da asuba muna komawa. In ya bushe ka kira ni, in ga lokacin da nike da hali."

Na'Allah ya san wannan magana. Lokacin da Ummul ke da hali yana iya zama bayan damina, yana iya zama baɗi.

Sai suka ji ƙarar ƙarfe a ƙasa, ƙwas, ƙwas. Inna ce ta biyo su, Lailatu a bayanta ba ta taɓa ta ba. Ta tsaya a bakin bayin ta daɗe tana kallo.

"Wa ya ba ku tsawona?"

"Ni ta," in ji Gwaggo Safi daga tsakar gida. "Bisa turmi anka ɗora ni kamar amarya, anka auna ni da kara. Ɗanki ya ba bango huska, sai ka ce shi anka kama da sata."

Inna ta fashe da dariya. Dariya sosai, har ta saki hannu ɗaya daga ƙarfen ta dafe ƙugu tana cewa wayyo, hawaye na zubo mata. Ummul ta tsaya tana kallonta. Wata biyu tana yi mata wanka, tana dafa mata abin da take so, tana kwana a ƙasa kusa da gadonta, ba ta ji wannan dariyar ba ko sau ɗaya. Abin ya yi mata daɗi, ya kuma yi mata ciwo.

Da dariyar ta lafa Inna ta share ido da bakin mayafi.

"Ummul, ni dai na zo gida," ta ce, ta juya ƙarfenta ta nufi ɗakinta.

Ummul ta bi ta da kallo. Sannan ta sauke jakar daga kafaɗa, ta miƙa wa Na'Allah ba tare da ta dube shi ba, ta fita zaure. Suna ji tana ce wa direba ya huta, da safe ya koma shi kaɗai, ita za ta kira shi in siminti ya bushe ta zauna a kai da kanta ta gani. Ta ƙara da cewa ya gaya wa yarinyar shago kada ta rage wa kowa farashi.

A ɗaki Lailatu ta gyara wa Inna matashi, ta ajiye mata kofin ruwa kusa. Tsohuwar ta kwanta tana kallon azarar rufin da ta sani ɗaya bayan ɗaya. Ta kasa kunne, muryar Ummul tana can waje tana yi wa Na'Allah faɗan ya sa hannunsa a ruwan gishiri.

"Rabon da ta kwana biyu jere cikin gidan ga," in ji Inna a hankali, "tun rasuwar babansu. Shekara tara." Ta juyo. "Ɗiyata, abin nan naku na cikin salula, kwana nawa yac ce?"

"Tsohon da munka bi ya ce biyu, Inna. Amma kowa da tashi. Wani ya ce ukku. Akwai ma wani mai hwarin bayi da na ga ya rubuta bakwai."

Inna Haske ta lumshe ido, ta gyara kwanciya.

"Gobe in kin hau soro, ki biɗo mai bakwai ɗin ki gwada mata."